Siginar hagu na ƙyafta da sauri, na canza kwai amma bata daina ba

Salam jama'a, don Allah masu sanin harkar wutar mota ku taimaka min. Corolla gareni, yau kwana huɗu kenan in na kunna siginar hagu sai koriyar kibiyar nan ta dashbod ta riƙa ƙyaf-ƙyaf da sauri kamar ana korarta, ta dama kuwa lafiya lau take tafiya. Wani abokina ya ce ai kwan sigina ne ya ƙone, na je wajen Ƙofar Ƙaura na sayo sabo, irin LED ɗin nan, na sa a gaba, yana kamawa tas amma saurin nan na nan yadda yake.

Sannan ga wata kuma, shuɗiyar alamar fitila wadda na san ta ful layit ce, jiya da dare a hanyar Daura na mai da ita dim amma sai ta riƙa ɗan haskawa dishi-dishi, masu tahowa sai fulashin suke min, wani mai tifa har da ɗaga min hannu, wallahi kunya ta kama ni.

To matsala ɗaya ce ko biyu? LED ɗin ne bai dace da ita ba, ko na baya ne ya mutu ban duba ba, ko kuwa waya ce ke taɓa jiki? Ina so in san inda zan nuna wa rewaya kafin ya kwance min sitiyari gaba ɗaya.