Tashi cikin hazo: hawa sama ne kan gaba ko riƙe alƙibla?

Injiniya: A ganina, idan jirgi zai tashi cikin hazo ko gajimare, matuƙi ba ya ganin komai sai na'urorin gabansa, abin da ke fisshe shi daga duwatsu da dogayen gine-gine shi ne hawa da sauri. Ƙa'idar ICAO, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, ta tsara hawan kashi 3.3 cikin ɗari, wato kimanin ƙafa 200 a kowane mil na teku (mita 1,852) da jirgi ya yi gaba. Wanda ya zarce haka, 'yar kaucewa dama ko hagu ba za ta cutar da shi ba.

Kyaftin: Injiniya, a nan muka raba hanya. An yi wannan lissafi ne a kan wani ziri da aka auna, wanda ke farawa da faɗin mita 300 a ƙarshen titin jirgi, yana buɗewa da digiri 15 ta kowane gefe. Duk abin da ke wajen zirin nan, dutse ne ko turken sadarwa, babu wanda ya yi maka alkawarin tsallake shi.

Ɗaliba: Ranka ya daɗe, ai na ɗauka na'urar tuƙi mai sarrafa kanta ta raba wannan gardama tuntuni.

Kyaftin: Sai in an tabbatar ta kama, 'yata. A watan Mayun 2007 jirgin Kenya Airways ƙirar Boeing 737 ya tashi daga Douala ta ƙasar Kamaru da dare cikin hadari. Kyaftin ɗin jirgin ya ce a kunna na'urar, amma ba ta kama ba, kuma babu wanda ya duba. Jirgin yana hawa, yana kuma karkata dama sannu a hankali, irin karkatar da jikin mutum ba ya ji, har ta yi yawa ya faɗa cikin fadama. Mutane 114 suka rasu.

Injiniya: Wannan kuɓucewar jirgi ce daga hannu, ba karo da wani abu ba. Ina nan kan bakana musamman idan inji ɗaya ya mutu, domin abin da doka ta wajabta wa jirgi mai inji biyu a lokacin hawan kashi 2.4 cikin ɗari ne kawai, ƙasa da 3.3 ɗin, shi ya sa kamfanoni ke zana tasu hanyar fita daban.

Kyaftin: Haka ne, amma injin da ya rage zai riƙa jan hancin jirgi gefe, kuma in ƙafar matuƙi ba ta danne fedar juya hancin ta miƙe shi ba, ko 2.4 ɗin ba zai samu ba.