Wai Faransawa sun taɓa yin sansanin tsare mutane a nan Damagaram?

Ɗan Birni:
Slm 'yan uwa. Tambaya gare ni ga masu sanin tarihi don Allah. Gardama ce ta tashi a fadarmu, wani ya ce Turawan Italiya sun kwashe Larabawan Libiya sun zuba su cikin shingen waya mai ƙaya kamar dabbobi, Ingila ma ta yi haka a Kenya, amma wai mu na Faransa an fi raga muna tunda babu irin wannan sansanin a Zinder. Ni dai raina bai kwanta da maganar ba. To in babu sansani, ina suke kai mutanen da suka kama? Kuma sojojinmu da Jamus ta kama lokacin yaƙin Hitila ina aka tsare su?

Malamin Lakwal:
Wa alaikas salam ƙanena. Abokinka ya faɗi rabin gaskiya ya bar rabi. Na Libiya haka ne, tsakanin 1930 da 1933 Italiya ta kwashe mutanen gabashin ƙasar wajen dubu 100, maza da mata da yara da raƙumansu, ta tsare su a wurare irin Suluk da Al'agila don a yanke wa mayaƙan Sanusiyya abinci da mafaka, dubbai suka mutu da yunwa da cuta, kuma a Suluk ɗin aka rataye jagoran mayaƙan, Umar Muktar, a watan Satumba 1931 a gaban waɗanda ke tsare. Wannan ba labarin nesa ba ne gare mu, fataken Tarabulus a Zango suke sauka tun zamanin kakanni.

Amma cewa an raga muna, a'a wlh. Bafaranshe bai buƙaci waya ba saboda yana da dokar da suke kira andijina. Kumandan yana iya jefa ka gidan kaso har kwana 15 ba alƙali ba shari'a, don ka yi jinkirin haraji ko ka ƙi fita aikin dole ko kawai ya ga ka raina shi, kuma in kai babba ne mai jama'a gwamna yana iya sa hannu a kai ka wata ƙasa can daban a ajiye ka har shekara 10. Dubi abin da ya faru a nan cikin Birni a 1906. Suka ce an ƙulla makircin kashe Turawa, aka kama Sarki Amadu ɗan Basa da wasu manya har da attajirin nan Malam Yaro, aka tuɓe sarki aka kai shi Kwaddibuwa, aka ɗora Ballama bawan fada kan jama'a, Damagaram ba ta sake ganin sarki daga gidan sarauta ba sai 1923. Ka ɗauki mutumin Sahel ka jefa shi ƙasar kurmi inda ba ya jin harshen kowa, ba iyali ba masallacin da ya saba, me za ka kira wannan in ba tsarewa ba?

Sannan ga na Abzin. Da Kawsan, jagoran boren Abzinawa, ya kewaye barikin Agadas daga Disamba 1916, daga nan Zinder rundunar Faransa ta tashi ta isa a watan Maris 1917, suka kashe malamai da yawa a garin, aka kwashe dabbobi aka kori jama'a daga duwatsu zuwa inda ido zai riƙa ganinsu. Sarkin Abzin Tagama kuma da suka kama shi, a kurkuku aka kashe shi a 1920 ba a kai ga yanke masa hukunci ba. Andijina da aikin dole sai 1946 aka soke su.

'Yar Garin Malam:
Malam Allah ya ƙara sani. Ni maganar sojoji zan taɓa don kakanmu na wajen uwa yana cikinsu, daga wani ƙauye kusa da Mirya aka ɗauke shi, ba da son ransa ba, mai gari ne aka ce ya kawo samari. Sunan dai sojan Senegal ake ce musu amma daga ko'ina cikin ƙasashen renon Faransa aka ɗebo su. Jamus ta kama shi a 1940, kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ba a Jamus aka ajiye baƙaƙen fata ba, Jamusawa ba su so su zauna a ƙasarsu, sai suka yi musu sansani cikin Faransa kanta, su ne ake kira Frontstalag. Senghor da ya zo ya zama shugaban Senegal ma ya zauna a irinsu. Mamanmu ta ce yatsun ƙafarsa biyu babu, sanyi ya cinye su lokacin da ake fitar da su saran itace a daji cikin ƙanƙara da takalmin da ya yage, kuma har ya rasu ko lokacin zafi ne ba ya kwana sai da bargo a kusa, in an zubar da ragowar tuwo a gabansa kuwa ranar gidan ba zaman lafiya, faɗa zai yi ta yi har da hawaye. Abin da ya fi ci masa rai ba Bajamushe ba ne. Daga 1943 Faransawa ne da kansu aka sa suna gadinsu a wurare da dama, wato mutanen da ka je yi wa yaƙi su ne riƙe da bindiga a ƙofa.

Shi Allah ya maido shi gida. Waɗanda aka sauke a Tiyaroy kusa da Dakar kuwa, da suka nemi kuɗinsu na shekarun da suka yi a tsare, ranar 1 ga Disamba 1944 aka buɗe musu wuta. Faransa ta ce 35 suka mutu, wata takardar tasu ta ce 70, masana tarihi da yawa suna cewa ɗaruruwa ne. Sai a 2024 shugaban Faransa ya yarda a rubuce cewa kisan kiyashi ne, shekara 80 fa.

Na Sabon Gari:
Duk na yarda da ku amma don Allah kar mu haɗa komai wuri guda. Gidan kaso daban, kai sarki gudun hijira daban, sansanin da ake zuba kabila sukutum daban. In muka ce duk ɗaya ne gobe wani zai ƙaryata mu cikin sauƙi. Kuma Faransa ta yi na waya ɗin sosai, a Aljeriya lokacin yaƙin neman 'yanci ta tashi ƙauyawa wajen miliyan 2 ta tara su a sansanoni. A nan yammacin Afirka ma an yi, sai dai wani abin mamaki Turawa ne a ciki, zamanin Fetan, shugaban Faransa da ya haɗa kai da Jamus, da aka rufe iyaka tsakaninmu da Najeriya, ma'aikatan jiragen ruwan Ingila da aka kama an tsare su a Kulikoro da Tumbuktu, biyu sun mutu a Tumbuktu a 1942 kuma kaburburansu na nan da sunayensu a rubuce ana kula da su.

Malamin Lakwal:
Na Sabon Gari maganarka dutse, a kira kowane abu da sunansa. Amma abin da ka faɗa na ƙarshe shi ke damuna, mutum biyu an san sunansu da ranar mutuwarsu, mu kuma talakan da ya mutu a kaso ko wajen ɗaukar kayan kumandan a ka daga nan zuwa Tanut sai dai ka ji wata tsohuwa ta ce gardi ya tafi da yayana bai dawo ba.

Hajiya ta Garin Malam, ku duba cikin akwatunan gida ko karne ɗinsa na soja na nan, da lambar da ke ciki ake neman fayil ɗin mutum. Na zamanin mulkin mallaka kuma wasu takardun suna gidan adana tarihi na Yamai, da yawa suna Dakar tunda can ne hedkwatar gwamna janar, wasu kuma suna Eks a kudancin Faransa. Ɗalibanmu na jami'ar nan masu neman abin rubuta memuwar, ku fara da tsofaffin unguwa da waya a hannu kuna ɗaukar murya, waɗanda suka ga aikin dole da idonsu yanzu duk sun haura shekara 85.