An ce in bar gonar da na raya, ina zan sa kuɗin gyaɗata?

Maman Biyu, Garin Malam:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar gona, musamman mata.

Maigidana yana Libiya, abin da yake aikowa na cefane ne kawai. Shi ya sa na roƙi wani kawunsa ya ara mini wani fili a hanyar Mirya. Fako ne, ko ƙarangiya ba ta fita a kansa da kirki. Ni da yara muka bi shi da rani muna haƙa tassa, kowane rami mu zuba masa taki cikin tafin hannu. Takin awakina da sharar gida duk can amalanke yake kai su. Ƴan gawon da suka tsiro ban sare ko ɗaya ba, gyara su na yi, yanzu wasu sun fi ni tsawo. Gonar ta dawo tana ba da gero da wake, bana har gyaɗa na sa a gefen gabas ta yi kyau.

Da muka gama girbi sai ga ɗan mai gonar, wai shi zai noma ta baɗi. Kawu ya ce in yi haƙuri, akwai wani fakon can gaba in ina so. Ba mu rubuta komai ba, da baki aka yi.

Ina da buhu 4 na gyaɗa da 2 na wake, ga kwasar adashina na zuwa. In karɓi sabon fakon, ko in nemi jingina, ko in bar noma in koma yin man gyaɗa?

Inna Mai Ƙuli, Matamaye:

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya ba ki haƙuri. Abin da ya same ki ya samu mata da yawa a nan wajenmu, har ƙungiya guda an yi wa haka: a ba su fako, su farfaɗo da shi, mai wuri ya tuna da kayansa.

Ni dai a man gyaɗa na tsufa, bari in gaya miki yadda yake kafin ki zuba kuɗinki. Za ki soya gyaɗar sama-sama, kada ta ƙone, in ta ƙone man ya yi duhu ya yi ɗaci. Ki murje, ki sheƙe ɓawon, ki kai inji. In kin dawo da kwaɓin sai ki zuba a turmi kina tuƙawa, kina yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan. Nan ne gwaninta take. Ruwa ya yi yawa, tunkuzar ta saki ta shanye man. In hannunki daidai ne za ki ga ta dunƙule ta rabu da turmi, mai ya taso yana sheƙi. Sai matsa, sai murza ƙuli, ki soya shi cikin man da kika fitar. Kafaɗa da ƙirji su za su gaya miki kin yi aiki.

Ki san wannan tun yanzu: shi man, uwar kuɗi yake mayar miki, riba tana cikin ƙuli. Man bido da ake shigowa da shi ya fi namu araha, mai sayen namu sai wanda ya san ƙamshinsa. Don haka ki nemi masu tsire da masu kwaɗon zogale tun kafin ki fara, su ne masu ɗauka kullum. Gyaɗar kuma in ƴar Dakar ce kin dace, ƙwayarta ƙanana amma akwai mai.

Iyayenmu sun ga zamanin SONARA, kamfanin Nijar mai sayen gyaɗa, lokacin da gyaɗa take sarautar ƙasar nan daga Magarya har Matamaye, kafin farin 1973 da cutar da ta faɗa mata a 1975. Tun daga nan sana'ar ta koma hannun mata a tsakar gida. Kada ki raina ta. Mu nan Matamaye, ƙasar Kance, mun san abin da rashin abin yi yake sa mace, ba mu manta da mutum 92 da suka mutu da ƙishirwa a hanyar Aljeriya a 2013 ba, yawancinsu mata da yara ne daga yankinmu.

Malamin Gona:

Ƴar uwa, ni ta gefen ƙasar zan yi magana, don na zauna cikin kwamitin filaye na gari.

A al'ada aro aro ne, mai gona yana da ikon karɓar abinsa bayan an kwashe amfani. Shi ya sa ma ake hana mai aro dasa itace ko gina rijiya, don kada gobe ya ce wurin nasa ne. Saboda haka ban ga alamar za ki ci shari'a ba, kuma rigima da dangin miji yana nesa ba za ta yi miki daɗi ba. Abin da za ki iya shi ne ki sa wani dattijo ya roƙar miki ko damina ɗaya ce a ƙara, don ƙarfin takin da kika zuba bai ƙare ba. Mutanen kirki suna jin wannan.

Sabon fakon kuwa, kada ki sa masa ko hauya sai da takarda. Dokar filayen karkara ta 1993 ta kawo kwamitocin filaye, akwai na gari da ake ce wa COFOB wanda maigari yake shugabanta, akwai na kwamin, wato ƙaramar hukuma, a ofishin magajin gari. Ba saye da sayarwa kaɗai ake rubutawa ba, har aro da haya da jingina da kyauta. A rubuta iyakokin gonar, da shekarun da aka ba ki, da shaidu. Ki nemi shekaru masu yawa, don fako ba ya biyan wahalarsa a damina biyun farko. In kawu ya ce ai tsakanin dangi ba a takarda, kin ji amsarki ke nan.

Jingina kuma ki yi hattara. Ranar da mai gona ya kawo kuɗinki ranar kika fita, kuma gonar da ake jinginarwa sau da yawa ta gado ce da ba a raba ba, gobe wani ɗan uwa ya fito ya ce bai sani ba.

Tambaya ɗaya: mahaifinki ya bar gona? In ya bari, kina da rabonki, rabin na namiji, Alƙur'ani ne ya ba ki. Mata da yawa kunya ce take sa su bar wa ƴan uwansu maza.

Ƴar Kasuwar Dole:

Malam ya faɗi gaskiya, amma ni ban yarda ta koma wani fakon ba ko da takarda. Ƙarfinta nawa? Yaya, ki sa kuɗinki inda in an kore ki za ki ɗauka ki tafi da shi.

Waken nan kada ki sayar yanzu, kowa yana fitarwa, ƴan kasuwa dariya suke. Ki shanya shi ya bushe ƙarau, ki zuba a buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. Ki matse iskar, ki ɗaure kowace leda daban, ki ɗora kan katako nesa da ɓera. Ba magani, ba ƙwari, sai bazara ki buɗe lokacin da ake neman iri. Sai dai ki riƙa sauraron rediyo, don farashin wakenmu da Najeriya yake tafiya. In naira ta faɗi ko aka taɓa iyaka, kamar yadda gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi a watan Oktoba na 2024, lissafi yakan canja.

Harawar gyaɗar da ta waken fa? Ina fata ba ki bar wa ɗan mai gona ita ba. Ki kwaso ki ɗora a kan rufi, ki sayi ɗan rago da kuɗin adashin, ki haɗa masa da dusa har Layya. Ni da haka na fara, da bashin asusunmu na Mata Masu Dubara.

Maman Biyu, Garin Malam:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Harawa tana kan rufi tun makon da aka tuge gyaɗar. Malam, babanmu ya bar gona a wajen Dogo, yayanmu ne yake nomawa, ba a taɓa raba ta ba. Zan fara tuntuɓar innarmu kafin maganar ta kai kunnensa.

Inna, gyaɗar ƴar Dakar ce. Zan gwada da tiya 5 ranar Asabar in ga hannuna. Ruwan zafin nan, tafasasshe ake zubawa ko sai ya ɗan huce?