Surukata ta ce ƙuruciya, mijina ya ce yarinta: wanne ne zagi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah a ɓoye sunana. Shekarata 19, watana 5 da aure. Ranar Asabar an yi suna a babban gida, aka ba ni haɗa miyar taushe, gishiri ya zarce. Facalolina suka ɗanɗana suka kwashe da dariya, ɗaya har da tafawa. Na ajiye ludayin na shige ɗaki na kulle, ban fito ba har magariba, abinci ma ban ci ba. Ta taga na ji Hajiya tana cewa, "Ku ƙyale ta, ƙuruciya ce." Da muka koma gida kuma maigidan ya ce, "Wannan yarintar ki daina ta." Wallahi maganar Hajiya ta fi tsaya min a rai, don a gaban mutane ta faɗa. Raina ni ta yi? Kwana 3 ke nan ban je gaishe ta ba.

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin juya abin. Hajiya rufa miki asiri ta yi. In babba ya ce "ƙuruciya ce", uzuri ya ba ki, wato shekaru ne, za ta wuce. Da wannan kalma ɗaya ta rufe bakin facalolin naki. Da ta ce "rashin kunya ce" ko "sakarci ne", da yanzu magana ta kai gidanku.

Malamin Hausa:
Kalmomin suna kusa, amma nauyinsu ya bambanta da wanda aka faɗa wa. Yarinta daga yaro da yarinya ta fito, wasu su ce yarantaka. A kan ɗan shekara 6 ba laifi ba ce, halinsa ne. In aka faɗa wa matar aure ko magidanci, to tsawatarwa ce: ka wuce nan, me ya mayar da kai? Ƙuruciya kuwa ta fi karkata ga lokacin, shi ya sa tsoho zai ce "zamanin ƙuruciyarmu" yana murmushi. Ko da aka ce ƙuruciya dangin hauka, ana nufin ba a cika kama mai ita da laifi ba. Wauta da shirme sun fi su zafi, don babu ruwansu da shekaru.

Anti daga Zariya:
Ni fa dariyar facalolin ce ta ɓata min rai. Amarya sabuwa, tukunyar taron suna, wa bai taɓa kuskure ba? Amma 'yata, kulle ɗakin nan shi ya ba su abin faɗa, ba gishirin ba. Mijinki kuma ya kyauta da ya bari sai da kuka kaɗaice. Shagwaɓa a ɗakinki ado ce, a gidan surukai sunanta ya canja.

Maman Biyu:
Gobe da hantsi ki yi miyar taushen nan da hannunki, ki zuba a kula, ki kai wa Hajiya. Ki durƙusa ki ce, "Hajiya a yi min afuwa." Kada ki tayar da zancen facaloli ko kaɗan.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Jikina ya yi sanyi wallahi. Na aiki yaro ya sayo kabewa da alayyahu. Anti, gyaɗar tun farko ake zubawa ko sai kabewar ta narke?