Wace kalma za mu ba ɗan aji huɗu a madadin "metaphor"?

Malamar aji huɗu, Kano:
Assalamu alaikum malamai. Darasin adon harshe ya ƙarato, kuma kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Littafin Turanci na yaran ya kawo abu biyu, "simile" da "metaphor". Na farkon ba shi da wuya, kamantawa ce. Da yaro ya ji "kamar" ko "tamkar" ko "sai ka ce", ya san inda aka dosa: fari tas kamar auduga. Na biyun ne matsalar, wato a kira abu da sunan wani abu daban, irin "wane zaki ne". A kwalejin ilimi siffantawa aka koya mana. To amma yaran nan zangon da ya wuce muka gama sifa a nahawu, su fari da dogo da ƙarami. Ina cewa a ba ni misalin siffantawa sai a miƙo mini "Audu dogo ne". Kuma fa ba su yi laifi ba, ai siffanta Audun suka yi. Akwai wata kalmar da kan yaro zai ɗauka?

Malamin Hausa na sakandare:
Wa alaikumus salam Malama. Ni dai a bar siffantawa inda take. Ba jiya aka yanke mata cibi ba. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya jera waɗannan dabaru a Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, bugun 2007: kamantawa, siffantawa, alamtarwa, sai jinsintarwa mai rassa uku, wato mutuntarwa da dabbantarwa da abuntarwa. Da su ake nazarin waƙa tun daga sakandare har jami'a, da su kuma ɗalibi zai amsa tambayar adabi ranar WAEC ko NECO. In kun ba su wani suna a firamare, mu za ku bari da aikin kankarewa.

Wani ɗalibin jami'a:
Me zai hana a ce musu kirari? Ai duk kirarinmu wannan salon ne. Kano tumbin giwa, Katsina ɗakin kara.

Malamar aji huɗu:
Na yi wannan tunanin, ƙanina, amma kirari yabo ne. In uwa ta dubi ɗanta ta ce "kai jaki ne", salon ɗaya ne da tumbin giwa, kuma ba wanda zai ce kirari ta yi masa.

Malamin Islamiyya, Zariya:
Bari in sa baki ta fuskar balaga, ilimin adon harshe na Larabci, ko zai rage muku hanya. Larabawa suna da tashbihi, shi ne kamantawarku. Rukunansa huɗu: abin da aka kamanta, abin da aka kamanta shi da shi, kalmar kamantawa, da fuskar da suka yi kama. In ka ce "Ali kamar zaki yake wajen jarumta", duka huɗun sun hallara. In ka cire kalmar kamantawa da fuskar kama, ka ce "Ali zaki ne", a wurin mafi yawan malaman balaga har yanzu tashbihi ne, suna kiransa tashbihul baligi. Sai an ɗauke ɗaya daga cikin ɓangarorin biyu gaba ɗaya, kamar ka ce "na ga zaki yana huɗuba a kan mumbari", sannan ya zama isti'ara, wato aro. Kun ga ke nan abin da Bature ya tara a kalma ɗaya, Balarabe ya raba shi biyu, kuma rabin farkon bai ma fitar da shi daga gidan kamantawa ba. In kuna son fassarar isti'ara, "aron suna" na nan.

Malamin Hausa na sakandare:
Allah ya gafarta Malam, bayanin ya yi daɗi, amma aro yana da mai shi. A ajinmu kalmar aro ita ce irin su mota da asibiti da littafi. Ka ce aron suna, ɗalibi zai zaci sunan da aka ɗauko daga wani harshe kake nufi.

Tsohon hedimasta:
Ku yi haƙuri da tsoho ya yi tsawo. Malama, ƴata, yaranki sun san abin nan tun kafin a sa su makaranta, suna kawai ba su sani ba. Tambaye su: shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya. Kafin ki rufe baki za su ce tsintsiya. Baba na ɗaka gemu na waje, za su ce wuta da hayaƙi. To wane ne ya gaya musu tsinken tsintsiya saniya ce? Ba kowa. An kamanta ne aka ɓoye kamancen, aikinsu shi ne su tono shi. Haka in aka ce wane yana da dogon hannu, ɗan shekara tara ba zai ɗauko ma'auni ba, aljihunsa zai dafe.

Don haka ni abin da zan ce a aji shi ne kamance iri biyu ne. Akwai kamancen fili, wanda "kamar" ke tsaye a cikinsa kowa na gani. Akwai kamancen ɓoye, wanda aka janye "kamar" ɗin. Amfanin wannan suna shi ne yana ɗauke da hanyar gwaji a cikinsa. Ki rubuta "Binta tauraruwa ce" a allo, ki ce a mayar da abin da aka ɓoye. Za su ce Binta kamar tauraruwa take, magana ta zauna daram. Sannan ki rubuta "Audu dogo ne". Audu kamar dogo yake? Da kansu za su ji maganar ta canja, ta koma ta mai kokwanto. Shi ke nan kin raba su da rikicin sifa ba tare da kin yi wani dogon bayani ba. Kuma bayanin Malam na Zariya ya goya mini baya, tunda su ma masu balaga a kamantawa suka bar "Ali zaki ne".

Shi kuma ɗan'uwana na sakandare, ba na jayayya da Ɗangambo. Shi manazarta waƙa yake yi wa magana, mu kuwa masu goge majina muke yi wa. Idan yaro ya kai aji shida sai a ce masa, wannan kamancen ɓoye da ka sani, sunansa na littafi siffantawa. Wanda ya riga ya san mutum ba ya wahalar riƙe sunansa na yanka.

Wata malama daga Sakkwato:
Baba Hedimasta, na ɗauka. Sai dai a tuna, a wajenmu yaro "awa" zai ce, ba "kamar" ba: baƙi ƙirin awa gawayi. In za a lissafa kalmomin kamancen fili a saka ta, kada a soke wa yaro amsa alhali daidai ya faɗa.

Malamin Hausa na sakandare:
To, in dai da sharaɗin aji shida, na sassauta. Amma a rubuta sunayen biyu gefe da gefe a littafin yaro, ba a faɗa da baki kawai ba. Kuma tunda an buɗe wannan ƙofa, kambamar zulaƙe fa? Ko manyan ɗalibai sai sun yi tuntuɓe a kanta.

Tsohon hedimasta:
Wannan ai ba ta buƙatar taro. Ƙarin gishiri. Duk yaron da ya taɓa cewa ya ga ɓera ya kai akuya ya san shi.

Malamar aji huɗu:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Ga abin da zan shiga aji da shi: babban kan darasi adon harshe, ƙarƙashinsa kamancen fili da kamancen ɓoye, siffantawa kuma ta jira aji shida kamar yadda aka yi sharaɗi. Zan fara da kacici-kacici kafin in ambaci ko da suna ɗaya, kuma "awa" ta shiga jerin. Mutuntarwa zan bar ta da sunanta, don masu jin Gizo da Ƙoƙi suna magana ba sa buƙatar a sauƙaƙa musu ita. Isti'arar Malam irin ta zaki a kan mumbari kuwa ta yi wa ɗan aji huɗu nauyi, sai su same ta a sakandare.