Hoda mai araha tana yi min dabbare-dabbare da hunturu, ina mafita?

'Yar Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kuɗin kayan kwalliya sun fi ƙarfina yanzu, sai na sayi wata hoda mai sauƙin kuɗi a kasuwar Sabon Gari. Kalarta ta dace da ni sosai, amma tunda sanyin nan ya shigo, da na shafa sai gefen hancina da goshina su yi fari-fari kamar garin rogo. Da sabulun salo nake wanke fuska safe da dare. Hodar ce ba kyau, ko ni ce ban iya ba? Bikin ƙanwata saura sati biyu, abin ya dame ni.

Uwargida: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba laifin hodar ba ne, fatarki ce ta bushe. Sabulun salo yana kwashe maiƙon fuska, da hunturu sau ɗaya da dare ya isa. Ki murza man kaɗanya ɗan mitsitsi a tafin hannu har ya narke, ki shafa, ki jira minti goma kafin hoda.

Anti Zariya: Ni roƙona ɗaya. Duk man da mai shago ya ce miki yana sa haske cikin kwana bakwai, ki ajiye masa. Na yi wannan kuskuren, kuncina ya ƙone, har yau tabon bai gama tafiya ba. Ki duba lambar NAFDAC, wato hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, sannan ki fara gwadawa a bayan kunne ki kwana.

'Yar Fagge: Na gode Anti, Allah ya ba ki lafiya. Man kaɗanya ina da shi, yau zan fara.