Giram 9 na ruwa, haidirojin nawa ne a ciki? Ku taimaka

'Yar Funtuwa:
Assalamu alaikum. Ina aji biyar na sakandare, kuma lissafin mol ya hana ni barci. Jiya a gwaji aka ce mu nemo yawan ƙwayoyin zarra na haidirojin a cikin giram 9 na ruwa. Na san mol ɗaya na ruwa giram 18 ne, ke nan 9 rabin mol ne. Na ninka 0.5 da 6.02 × 10²³, wato adadin ƙwayoyin da ke cikin mol ɗaya, na samu 3.01 × 10²³. Malam ya zabga mini jan biro bai ce uffan ba. A ina na kauce? Ga WAEC na tafe baɗi.

Ɗan Kasuwar Dawanau:
Wa alaikumus salam. Ni dai yadda na riƙe shi tun muna makaranta, mol kamar mudu ne. Ki auna kawai.

Malamin Kemistiri:
Alhaji, a yi haƙuri, mudu zai ɓatar da ita. Mudun gero da mudun wake ai ƙwayoyinsu ba ɗaya ba ne. Mol ya fi kama da kiret ɗin ƙwai: na kaza ne ko na zabuwa, 30 ne, nauyin ne ya bambanta. Shi ya sa mol na ruwa giram 18, na gishiri giram 58.5, amma adadin ɗaya.

Ƙanwata, lissafinki bai ɓaci ba, tsayawa kika yi a rabin hanya. Abin da kika ƙirga ɗin nan molekul na ruwa ne, wato dunƙulen ƙwayoyin zarra da suka haɗu suka yi ruwa. Dubi H₂O, yadda ake rubuta ruwa a kemistiri, da kyau: kowane molekul yana ɗauke da haidirojin biyu da oksijin ɗaya. In an ce kekuna goma tayoyi nawa, za ki ce goma? Sai ki ninka amsarki da 2, ki samu 6.02 × 10²³.

(Ita 6.02 × 10²³ ana kiranta lambar Avogadro, amma shi kansa Avogadro, masanin kimiyya mutumin Italiya, bai taɓa ganin wannan lamba ba. Ya rasu a 1856, daga baya aka laƙaba mata sunansa.)

'Yar Funtuwa:
Kai, tayoyin keke! Na gode Malam, Allah ya saka da alheri. To da cewa aka yi duka ƙwayoyin zarra har da oksijin, sai in ninka da 3, ya zama 9.03 × 10²³?

Malamin Kemistiri:
Haka ne. Yanzu gwada giram 5.85 na gishiri, ki faɗa mini sodiyam nawa ne a ciki.